Bayani Kan Furen Za'afaran: Yadda Yake Jure Sanyi Da Ƙetare Hunturu A Lambu

Gabatarwa

Za'afaran suna ne da jama'armu suka daɗe da sani. Alhazai kan sayo shi a tsaraba, ana sa shi a shayi da shinkafa, wasu kuma na jiƙa shi domin rubutu. Sai dai kaɗan ne daga cikin masu amfani da shi suka san cewa daga jikin wani ɗan gajeren fure ake tsinko shi, wanda tsawonsa bai cika wuce taƙi ɗaya ba, kuma wanda ke yin mafi yawan aikinsa a tsakiyar sanyin da ke daskarar da ruwa. Ganin irin tsadar da yake da ita a kasuwar duniya, ba abin mamaki ba ne manomi ya yi sha'awar gwada shi, ko kuma a kawo wa ƙaramar hukuma shawarar sayen irinsa domin rabawa jama'a.

Manufar wannan bayani ita ce a fayyace yadda wannan shuka ke rayuwa a ƙasashen da ake nomanta, iyakar sanyin da take iya ɗauka, da matakan da masu lambu ke bi domin ta ƙetare hunturu lafiya. Daga ƙarshe za a duba abin da wannan ke nufi ga mai son kashe kuɗinsa a kanta a yankinmu. Duk inda aka ambaci digiri, ma'aunin Salsiyas ake nufi, wanda a kansa ruwa ke daskarewa idan sanyi ya kai sifili. Haka kuma idan aka ce hunturu game da waɗancan ƙasashe, ana nufin watannin Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da suke samun ruwan sama da dusar ƙanƙara tare da sanyi.

Wace Irin Shuka Ce?

Masana tsirrai suna kiran wannan shuka Crocus sativus. Tsawonta yakan kama daga santimita 10 zuwa 30. Ganyenta siriri ne kamar na ciyawa, da farin layi a tsakiyarsa, furenta kuma shunayya ne mai kunnuwa shida. A tsakiyar kowane fure akwai jajayen zaruruwa guda uku, kuma su ne za'afaran idan an tsinke an busar. Ana bukatar fure kimanin 150 kafin a samu giram ɗaya na busasshen za'afaran, wato kimanin fure 150,000 a kilo ɗaya, kuma duk da hannu ake tsinka da sassafe. Wannan shi ne asalin tsadarsa.

A ƙarƙashin ƙasa shukar tana da dunƙulallen tushe mai girman goro, lulluɓe da ɓawo mai zare-zare. A wannan bayani za mu riƙa kiransa kai, kamar yadda manoma ke cewa kan albasa. Amma idan aka yanka shi ba za a ga ganye rufe da ganye irin na albasa ba. Tsoka ce guda, fara, cike da sitaci, don haka ya fi kama da gwaza.

Abu muhimmi a nan shi ne za'afaran ba ya yin 'ya'yan iri ko kaɗan. Yana ɗauke da jeri uku na ƙwayoyin gado maimakon biyu da aka saba, wanda hakan ya sa furensa ba ya haihuwa. Binciken da aka fitar a shekarar 2019 ya nuna cewa asalinsa daga wani furen daji ne na ƙasar Girka mai suna Crocus cartwrightianus. Tun daga wancan zamani zuwa yau, ta hanyar kawuna kaɗai ake yaɗa shi. Saboda haka duk manomin da kawunansa suka mutu a cikin ƙasa, ya rasa amfanin bana da irin baɗi a lokaci ɗaya.

Yadda Shekarar Za'afaran Take Tafiya

Ba za a fahimci juriyar wannan shuka ba sai an san yadda take raba shekararta, domin ta saɓa wa yawancin amfanin gona.

Daga watan Mayu zuwa Satumba, lokacin zafi da fari a ƙasashen da ake nomanta, ba a ganin komai a bisa ƙasa. Kan yana kwance kamar mai barci, amma a cikinsa ne a wannan lokaci ake ƙulla furen da zai fito nan gaba. Masu bincike a birnin Balensiya na ƙasar Sifen sun nuna a shekarar 2005 cewa ƙullin fure ya fi kyau idan zafin da ke kewaye da kan yana tsakanin digiri 23 da 27, sannan furen ba ya fitowa da kyau sai zafin ya sauko zuwa kimanin digiri 17.

A watan Oktoba da Nuwamba, da iska ta yi sanyi aka samu laima, sai saiwoyi su fito, ganye da fure su ɓullo. Furen gona guda yakan ƙare cikin mako biyu zuwa uku.

Daga Disamba zuwa Afrilu ganyen yana nan kore shar, yana ci gaba da tsawo duk da sanyi. A wannan lokaci uwar kai tana tsotsewa har ta ƙare, yayin da sababbin 'ya'ya ke tasowa a bisanta, ganye yana tara musu abinci. Mafi yawan girman da 'ya'yan ke yi yana zuwa ne a ƙarshen hunturu da makonnin da ke biye da shi. Zuwa ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu ganye ya yi rawaya ya bushe, shekara ta zagayo.

Ke nan hunturu shi ne daminar za'afaran. Kan da aka shuka bana ba shi ne zai yi fure baɗi ba, 'ya'yansa ne za su yi, kuma ba za su yi ba sai sun ƙoshi. Kan da nauyinsa bai kai kimanin giram 8 zuwa 10 ba, yawanci ganye kawai yake fitarwa.

Iyakar Sanyin Da Yake Ɗauka

Adadin da aka fi ambata shi ne cewa shukar tana jure sanyin da ya kai digiri 10 ƙasa da sifili, kuma tana iya zama a ƙarƙashin dusar ƙanƙara na ɗan lokaci ba tare da ta lalace ba. Amma ana nomanta a wuraren da sanyin iska ke wuce haka nesa ba kusa ba, kuma akwai dalili.

Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka tana da wata taswira da ta raba ƙasa shiyya-shiyya bisa matsakaicin sanyi mafi tsanani da ake samu a kowace shekara. An fara fitar da ita a 1960, aka sabunta ta a 1990 da 2012 da kuma 2023, kuma masu sayar da irin furanni a ƙasashe da dama suna amfani da lambobinta. Yawanci ana sanya za'afaran a shiyya ta 6 zuwa ta 9. A shiyya ta 6 sanyin dare mafi tsanani yakan kai tsakanin digiri 18 da 23 ƙasa da sifili, a shiyya ta 9 kuwa tsakanin digiri 1 da 7 ƙasa da sifili.

Abin lura shi ne taswirar sanyin iska take aunawa, alhali kan yana binne a cikin ƙasa. Ƙasa tana riƙe ɗumin da ta tara, kuma ba ta saurin sauyawa kamar iska. A daren da iska ta yi tsananin sanyi, abin da ke isa ga kan da ke zurfin santimita 15 bai kai haka ba. Idan kuma dusar ƙanƙara ta rufe wurin, sai ta zama kamar bargo, domin iskar da ke maƙale a tsakanin ƙwayoyinta tana hana ɗumin ƙasa fita. Shi ya sa sanyi mai bushewa wanda ba dusa a ƙasa ya fi yi wa shukar illa a kan sanyi mai dusa.

Akwai shaidu a aikace. Manoman gundumar Lancaster ta jihar Pennsylvania a Amurka suna shuka za'afaran a lambunan gidajensu tun ƙarni na 18. Ƙauyen Mund da ke tsaunukan Suwizalan, a tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, ya shahara da nomansa. Jami'ar Vermont, a wata jiha mai tsananin sanyi da ke iyaka da Kanada, ta fara gwaje-gwaje a kansa a 2015, a cikin rumfunan leda da kuma a fili, kuma an ga yana ƙetare hunturun can.

Yadda Shukar Ke Kare Kanta

Jikin kowace shuka haɗe yake da ƙananan ɗakuna masu cike da ruwa, waɗanda ido ba ya gani. Idan ruwan da ke cikin waɗannan ɗakuna ya daskare, ƙanƙarar takan yayyaga su, kuma da zarar ta narke sai tsokar ta yi laushi ta ruɓe. Wannan ita ce mutuwar sanyi.

Tsirran ƙasashen sanyi suna da dabarar kauce wa haka. Yayin da sanyi ke ƙaruwa sannu a hankali a lokacin kaka, sukan mayar da wani ɓangare na sitacin da suka tara ya koma sukari. Ruwan da ke da sukari a cikinsa ba ya daskarewa da wuri kamar ruwa tsantsa, kuma sukarin yana kare bangon ɗakunan daga lalacewa. Ƙanƙarar da za ta samu sai ta tsaya a ratar da ke tsakanin ɗakunan, inda ɓarnarta ba ta da yawa. Amma wannan shiri yana ɗaukar makonni. Sanyin da ya faɗo kwatsam bayan kwanakin ɗumi ya fi haɗari a kan wanda ya fi shi tsanani amma ya zo a kan kari.

Dabara ta biyu ta shafi zurfi. Tun da 'ya'ya a bisa uwa suke fitowa, kowace shekara gungun kawunan yana ƙara matsowa sama, kusa da sanyi. Domin rage wannan, shukar takan fitar da wata saiwa mai kauri wadda ke nutsawa ƙasa sannan ta tsuke, ta jawo ɗan kan zuwa ƙasa. Duk da haka bayan wasu shekaru kawunan sukan cunkushe su taso, kuma a nan ne ake bukatar hannun manomi.

Ruwa Ya Fi Sanyi Ɓarna

Masu lambu da dama da suka rasa za'afaransu sukan ɗora wa sanyi laifi, alhali idan aka tona sai a tarar ruwa ne ya kashe shi. Kan da ke zaune a ƙasa mai kwantar da ruwa ba ya samun iska, saiwoyinsa su shaƙe, cututtukan ruɓa su samu ƙofa. Fitattu daga cikinsu su ne Fusarium, mai ruɓar da kan daga gindi, da Rhizoctonia, mai lulluɓe shi da wani zare shunayya. Dukkansu suna daɗewa a cikin ƙasa, don haka ba a mayar da za'afaran gonar da aka tone shi sai bayan shekaru.

Ƙasa mai laka da ta sha ruwa tana da wata illar kuma. Idan ta daskare da dare takan kumbura, da rana ta narke ta sauka. Wannan hawa da sauka yana tsinke saiwoyi, yana kuma turo kawunan da ba su da zurfi zuwa sama, inda sanyi da ɓeraye ke samunsu.

Laimar lokacin barci ta fi kowace muni. Kan da ke kwance a watannin zafi ba shi da saiwa mai shan ruwa, ba shi da ganyen da zai fitar da shi, saboda haka idan zafi da laima suka haɗu a kansa, ruɓewa ce ke biyo baya. Shi ya sa manyan wuraren nomansa suke da rani mai bushewa. Yankunan za'afaran na Sifen suna samun ruwan sama kimanin milimita 400 ne a shekara, na Girka kuma kimanin 500.

Matakan Da Masu Lambu Ke Bi

Ga hanyar da aka saba bi a ƙasashen sanyi domin shukar ta ƙetare hunturu:

1. Zaɓen wuri. A nemi inda rana ke bugawa sosai, ƙasa mai yashi-yashi wadda ruwa ke wucewa da sauri. Idan ƙasar mai laka ce, a ɗaga kunya ko fangali sama, a gauraya yashi da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen taki yana jawo ruɓa.

2. Zaɓen iri. A ɗauki kawuna masu nauyi da tauri, waɗanda ba su da tabo ko funfuna. Duk wanda ya yi laushi a jefar da shi nesa da lambu.

3. Lokacin shuka. A lambunan Turai da Amurka ana shukawa a Agusta ko Satumba, fure ya fito bayan mako shida zuwa takwas. Jinkiri yana hana saiwa kama ƙasa kafin sanyi.

4. Zurfi da tazara. Santimita 10 zuwa 15 shi ne zurfin da aka saba, a wurare masu tsananin sanyi kuma a kai 15 zuwa 20. A bar kimanin santimita 10 tsakanin kai da kai, tsinin ya dubi sama.

5. Lulluɓi. Inda sanyi ya yi yawa kuma ba a da tabbacin dusa, ana shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko karan alkama a gindin shukar bayan saman ƙasa ya fara daskarewa. Idan aka yi da wuri, ɓeraye za su mayar da wurin gida. Kada a binne ganyen, domin yana bukatar rana, kuma a janye lulluɓin da zarar sanyi ya karye.

6. Kare ganye. Ba a yanke ganyen bayan girbin fure, ba a kuma barin zomaye ko awaki su cinye shi. Duk ganyen da aka rasa a hunturu, ragi ne a girman 'ya'ya.

7. Maganin ɓeraye. Ɓerayen daji suna cin kawunan a ƙarƙashin ƙasa a lokacin da abinci ya yi ƙaranci. Masu ƙananan lambuna sukan shimfiɗa ragar waya mai ƙananan idanu a ƙasa da gefen fangali kafin shuka.

8. Ban ruwa. Ana ba da ruwa daidai gwargwado daga fitowar ganye, a dakata idan ƙasa ta daskare, a daina ɗungurungum da ganye ya fara rawaya.

9. Tono da rabawa. Bayan shekara uku zuwa huɗu ana tone kawunan idan ganye ya bushe, a rarraba su, a shanya a inuwa, a ajiye a wuri busasshe mai iska har lokacin shuka. Manoman Navelli a ƙasar Italiya duk shekara suke tone nasu.

Wanda ya shuka a tukunya kuwa ya sani cewa tukunya ba ta da kariyar da ƙasa ke bayarwa, domin sanyi yana shigarta ta kowane gefe. Ko dai a binne tukunyar a ƙasa har baki, ko a shigar da ita rumfa mai haske da sanyi wadda ba ta daskarewa. Ɗaki mai ɗumi ba ya yi mata amfani, domin 'ya'yan ba sa girma da kyau a cikin ɗumi.

Darasi Daga Manyan Wuraren Nomansa

Ƙasar Iran ce ke samar da kusan kashi 90 cikin 100 na za'afaran duniya, mafi yawa daga lardunan Kurasan da ke gabashin ƙasar. Yanki ne mai tudu, mai rani busasshe da hunturu mai sanyi. A Gonabad ana shayar da gonakin da ruwan tsofaffin magudanai na ƙarƙashin ƙasa da ake kira kanat, tsarin da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya cikin kayan gadon noma na duniya a 2018. Duk da dacewar wurin, a shekarar 2023 girbin Iran ya faɗi ƙwarai, bayan da aka yi sanyi mai tsanani a farkon shekarar, sannan fari da matsanancin zafi suka biyo baya. Wannan ya nuna cewa juriyar shukar tana da iyaka, kuma ɓarnar da aka yi a Janairu sai a Nuwamba ake ganinta.

A Pampore ta yankin Kashmir, inda ruwan sama ya fi yawa, ana shuka shi a kan tuddai, a fangalai masu tasowa da aka zagaye da lambatu domin ruwa ya wuce. Gwamnatin Indiya ta ƙaddamar da shirin farfaɗo da nomansa a 2010 bayan da amfanin ya yi ta raguwa. A nahiyar Afirka kuwa, wurin da ya fi shahara shi ne Taliouine a ƙasar Maroko, kuma can ma a kan tsaunuka ne masu sanyin hunturu da rani busasshe. Duk waɗannan wurare abu ɗaya ya haɗa su: zafi ba ruwa, sannan saukowar sanyi, sannan watanni masu yawa na sanyi da laima.

Gargaɗi Kan Masu Kama Da Shi

Za'afaran yana da dangi da yawa da ake shukawa domin ado kawai. Wasunsu, irin su Crocus vernus, sai bayan hunturu suke fure, sun fi shi jure sanyi, kuma ba sa fure sai sun yi kimanin mako 12 zuwa 15 a cikin sanyi. Ba a samun za'afaran a jikinsu.

Mafi haɗari shi ne wani fure mai suna Colchicum autumnale, wanda shi ma shunayya ne, shi ma a kaka yake fitowa, amma dukkan jikinsa guba ne mai iya kisa. Ana bambanta su da ƙirga sandunan da ke ɗauke da garin fure: za'afaran yana da uku, shi kuwa yana da shida, kuma yana fure ba tare da ganye ba. Kada a sa wani zare a abinci ko a sha sai an tabbatar da asalinsa.

Abin Da Wannan Ke Nufi Ga Yankinmu

Manoman albasa sun riga sun san cewa sanyi na da hannu a fure, domin a lokacin hunturu suke dasa kawunan da suka ajiye idan suna son iri. Amma bukatar za'afaran ta wuce abin da hunturunmu ke bayarwa. A Kano, alal misali, sanyin dare a Disamba da Janairu yakan sauko zuwa kimanin digiri 13, amma da rana zafi ya koma kusan 30. Zuwa Maris da Afrilu, daidai lokacin da 'ya'yan kai ke bukatar sanyi domin su cika, zafin rana yana doshin digiri 40. Sannan ruwan samanmu yana zuba ne daga Yuni zuwa Satumba, watannin da kan ke bukatar zama a bushe.

Tuddan Jos da na Mambila sun fi sanyi, amma su ma ruwansu mai yawa ne, kuma a watannin barcin shukar yake sauka. Jos tana samun kimanin milimita 1,400 a shekara, wato fiye da ninki uku na yankunan za'afaran na Sifen. Duk mai gwaji a irin waɗannan wurare dole ne ya riƙa tone kawunan kafin damina yana ajiyewa a bushe.

Akwai wani tarko da ya kamata kowa ya sani. Babban kan da aka sayo daga waje ya riga ya ƙulla furensa a ƙasar da ya fito. Idan ya samu ɗan sanyi, ko a ɗaki mai na'urar sanyaya, zai iya fure har ba tare da an binne shi ba. Don haka furen shekarar farko ba shaida ba ce cewa wuri ya karɓi za'afaran. Shaidar gaskiya ita ce nauyin 'ya'yan da aka tona bayan ganye ya bushe, da kuma ko sun yi fure a shekara ta biyu da ta uku.

Shawara Ga Manoma Da Jami'ai

Manomin da aka yi wa tallar irin za'afaran ya tambayi mai tallar inda aka taɓa noma shi shekara uku a jere a yanayi irin namu, ya kuma je ya gani da idonsa, domin gani ya kori ji. Kada ya sayar da dabba ko ya ci bashi saboda hoton fure. Idan yana son gwaji, ya fara da 'yan kawuna kaɗan waɗanda asararsu ba za ta girgiza gidansa ba, ya auna nauyinsu kafin shuka, ya sake auna na 'ya'yansu bayan tono, ya rubuta.

Jami'an sashen aikin gona na ƙananan hukumomi kuma, kafin su amince da kashe kuɗin jama'a, ya kamata su nemi bayanin zafi da sanyi da ruwan sama na wata-wata na yankin, su gwada shi da bukatun da aka zayyana a sama. Su tabbatar cewa duk irin da za a shigo da shi daga waje yana da izinin hukumar killace tsirrai da dabbobi ta ƙasa, wato NAQS, da takardar shaidar lafiya daga ƙasar da ya fito, domin cututtukan ruɓa a jikin kawuna suke tafiya. Haka kuma kowane gwaji ya kasance a ƙaramin fili, ƙarƙashin kulawar malaman gona, kuma kada a yanke hukunci kafin shekara uku.

Kammalawa

A taƙaice, za'afaran shuka ce mai jure sanyi matuƙar an binne ta da zurfi a ƙasar da ba ta riƙe ruwa, an bar mata ganyenta, an kuma kare ta daga ɓeraye. Rayuwarta ta dogara ne a kan yanayi uku da ke zuwa a jere: rani busasshe domin ƙulla fure, saukowar sanyi domin fitar da shi, da dogon hunturu mai laima domin ciyar da 'ya'ya. Inda ɗaya ya ɓace, kawunan sukan ƙanƙance shekara bayan shekara har su ƙare. Ana kira ga duk mai sha'awar wannan noma da ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa kafin ya fitar da kuɗinsa.